Wai Sista Za Ki Zama?

'Yata, saƙonki ya iso. Wai ko a cocinmu na Angalika akwai sistoci irin na Katolika, kuma in akwai, ko za a karɓe ki? Na yi dariya har da ƙwalla, daga baya kuma gabana ya faɗi. Ke da ba kya tashi addu'ar asuba sai an yayyafa miki ruwa!

Akwai su. Mu a Wusasa ba mu taso da su ba, domin 'yan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta Angalika daga Ingila, ba su zo mana da wannan al'ada ba. Sai da na je Ingila koyon aikin jinya na gan su da idona. Wata tsohuwar sista a asibitinmu ce ta ba ni tarihin: Sarki Henry na 8 na Ingila ya fara rufe irin gidajensu a 1536, aka yi shekara 300 shiru, sai a 1841 wata mai suna Marian Hughes ta ɗauki alkawarin zama sista a Oxford. Jama'a suka ƙi su, wai Katolika ce ta dawo ta bayan gida. A 1857 har hari aka kai musu a garin Lewes wajen jana'izar wata 'yar uwarsu. Aiki ne ya wanke su: jinyar masu kwalara a Plymouth a 1849, wasu kuma suka bi Florence Nightingale, fitacciyar ma'aikaciyar jinya, zuwa jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya.

Tsohuwar sistar nan ce ta kai ni wurin ranar da wata budurwa za ta ɗauki alkawarin har abada, bayan shekaru ana gwada ta. Sanyi har cikin ƙashi. Yarinyar ta durƙusa gaban bishop ta faɗi abu uku: ba dukiya, ba aure, sai biyayya. Aka sa mata zobe. Mahaifiyarta na gefena tana kuka irin na kai amarya, ta damƙe hannuna alhali ba ta san ni ba. Na zaci za a yi shagali har dare. Shayi kawai aka sha da ɗan burodi, ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya yi tsit. Da yamma na iske amaryar tana wanke fo ɗin tsofaffi.

Kaka takan ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Takan kuma ce wadda ta kasa haƙuri da kishiya ɗaya, kada ta nemi gidan mata da yawa. Ku yaran yanzu kun ga farin lulluɓi a Facebook ya burge ku, alhali ko awa guda ba kwa iya yi ba waya a hannu.

Ki zo hutun Kirsimeti mu zauna. Kada ki faɗa wa babanki tukuna, hawan jininsa bai sauka ba. Kuma ki zo da gaskiya: me ya faru tsakaninki da yaron nan na ƙungiyar mawaƙa?