Sunan yanka da laƙabin ɗiya mace

Tambaya: Allah gafarta Malam, na haihu ranar Talata da hantsi a nan Sakkwato, ɗiya mace bayan maza uku. Maigida na son a sa mata Fatima, sunan mahaifiyarsa, ni kuwa ba ni iya faɗin sunan surukata. Ummi da Mami sun cika unguwa. Wane laƙabi zan sa mata wanda ba kowa ke da shi ba?

Amsa: Barka da arziki, 'yar'uwa, Allah ya raya. Tunda bayan alfijir kika haihu, a mazhabar Malikiyya ba a ƙirga ranar haihuwa, don haka Talata mai zuwa ne suna, kuma rago ɗaya ya wadatar.

Ki bar Fatima yadda maigida ya zaɓa. Laƙabin kuwa, shawarata ki nemo shi daga gida, domin yau sunayen kakanni su ne suka yi ƙaranci. Zahra da Batula na Fatima ne asali, amma kowane aji a Islamiyya akwai su. Binta ma haka. Haihuwarta da kanta ta zo da suna: macen da ta biyo bayan maza ita ake kira Delu, Dela ko Kande, ta ranar Talata kuma Talatu. Delu na fi so mata, gajere ne, ƙananan yara na iya faɗinsa, kuma duk dattijon da ya ji shi ya san matsayinta a ɗaki. In gidanku na da jinin Fulani, Inno da Dada na ɗauke da girman uwa da kaka, sun dace da mai sunan suruka. Nana ma na da tushe a ƙasar nan, da shi aka san Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864.

Inda ake kuskure shi ne ɗauko kalmar Larabci daga intanet saboda daɗin amo. Ki kai wa malami kalmar a rubuce da Larabci, domin harafi ɗaya ko biyu na juya ma'ana: Asiya mai alifi matar Fir'auna ce, mumina, mai aini da sadi kuwa na nufin mai saɓo, kuma Annabi (SAW) ya sauya wa mai wannan suna zuwa Jamila. Ki guji laƙabin da ya taɓa jiki, irin na ƙanƙanta ko baƙi, yana bin yarinya har ɗakin miji.

Ki sanar da dangi laƙabin tun ranar suna, in ba haka ba gwaggo ta raɗa nata, ya kama. A takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya kuwa Fatima za a rubuta, da rubutu iri ɗaya ko'ina. In makaranta ta sa Delu, katin NIN ya sa Fadimatu, sai an je kotu an yi rantsuwa lokacin rajistar JAMB.