CAMS, ICA ko Digiri na Biyu: Wanne Jami'in Bin Ƙa'ida a Banki Zai Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata uku a sashen tabbatar da bin ƙa'ida na wani banki a Kano, kafin nan a kanta nake. Na ɗan tara kuɗi don ƙaro ilimi, amma kwas ɗaya kawai za su ɗauka. Wasu sun ce CAMS, wasu ICA (duka biyun takardun shaidar ƙwarewa ne na ƙasashen waje a wannan aiki), wasu kuma digiri na biyu. Wanne zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa neman albarka. Kafin ka taɓa kuɗin nan, ina so ka yi wa kanka wani gwaji.

Ga ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, shekara da shekaru ana saninsa da zuba kuɗi lokacin kaka. Kwatsam, da tsakiyar damina, sai aka fara zuba masa naira miliyan huɗu da dubu ɗari tara, yau a wannan reshe, gobe a wancan, kuma kuɗin ba sa kwana. Kai ka san dalilin wannan adadi: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta a sanar da NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi ta Najeriya, cikin kwana 7 idan hada-hadar mutum ɗaya ta haura miliyan 5, ta kamfani kuwa miliyan 10. To, za ka iya zama ka rubuta rahoton zargi cikin awa 24, ka tura ta goAML (manhajar da ake aika wa NFIU rahoto da ita), wanda mai bincike zai karanta ya gane wane ne, me ya faru, me ya sa abin ya saɓa wa al'adar asusun? Za ka iya yin haka ba tare da mai asusun ya ji ƙishin-ƙishin ba, alhali manajan reshe yana roƙonka kada ka kore masa babban kwastoma?

In har ka ɗan yi jim, to karatunka na farko kyauta ne. Ka zauna da wannan doka, da takwararta ta yaƙi da ta'addanci ta 2022, da ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a shekarar, da na tantance kwastoma na 2023, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ka haɗa da shawarwari 40 na FATF, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin yaƙi da halasta kuɗin haram, da rahotannin GIABA, takwararta ta Afirka ta Yamma, kan Najeriya. Raina yana ɓaci idan na ga matashi ya rataya satifiket ɗin dala amma bai taɓa karanta dokar ƙasarsa daga bango zuwa bango ba. Ranar da masu binciken Babban Banki suka shigo, a kan ita za su titsiye ka.

Yanzu ga maganar kuɗinka. CAMS na ƙungiyar ACAMS ta Amurka ne, kuma a fagen yaƙi da halasta kuɗin haram babu wanda ya kai shi suna. Tambayoyi 120 ne, da dala ake biya, kuma duk shekara uku sai ka sabunta, wato akwai kuɗin riƙo bayan na jarrabawa. Idan burinka teburin hulɗa da bankunan ƙetare ne, ko kamfanonin kuɗi na intanet, ko aiki a waje, shi ne ƙofar. An cire Najeriya daga jerin ƙasashen da FATF ke sa wa ido a Oktoban 2025, bayan an sa ta a Fabrairun 2023, amma bankunan waje ba su daina tambayar ingancin ma'aikatan wannan sashe ba.

Diflomar ICA ta Ingila ta fi ɗaukar lokaci, akwai rubutu da yawa, ta fi dacewa da mai hangen shugabancin sashe, wanda zai tsara manufa ya kare ta gaban daraktoci.

A matakinka, ni da na gida zan fara. Compliance Institute, Nigeria tana ba da DCP, satifiket ɗin ƙwarewa a aikin bin ƙa'ida, da naira ake biya, karatun kuma a kan dokokinmu aka gina shi. Can ne za ka haɗu da na gaba da kai a wannan aiki, waɗanda za ka kira idan wani asusu ya ɗaure maka kai. Digiri na biyu ya jira tukuna.

Sannan kada ka ji nauyin zuwa wurin shugaban sashenku. Doka ta ɗora wa banki horar da ma'aikatansa a wannan fanni, don haka akwai kasafi. Rubuta masa takarda, ka nuna ka yi DCP da aljihunka, ka nemi banki ya biya maka CAMS baɗi. A takardar ka roƙi a mayar da kai teburin sa ido kan hada-hada ko da na wata shida ne, kuma kafin ka isa can ka ƙware a Excel, don da shi za ka yini.