Ku Tambayi Anti Nas: Tuwon alkama, faso da allurar mai ciwon suga

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah akan mahaifiyata ne, shekarunta 58, bara aka ce tana da ciwon suga aka ɗora ta akan ƙwayar metformin. To tunda maƙociyarmu ta ce mata alkama da acca basu da suga sai ta bar shinkafa da masara gaba ɗaya, tuwon alkama safe da dare kuma malmala biyu take tashi da ita, shayi ma da zuma take sha. Yau wata biyu kenan ta ajiye ƙwayar wai abinci ya wadatar, sai ruwan shuwaka. Ni dai ina ganin tana ramewa kuma fitsarin dare ya dawo. Wai alkamar tana warkarwa ne? Daga wata 'yar uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya bai wa Mama lafiya, Ya saka miki da kika lura. Alkama ba ta warkarwa, acca ma haka. Duk abinda ake tuƙa tuwo da shi, shinkafa ce ko masara ko gero ko dawa ko alkamar, sitaci ne, da ya shiga ciki narkewa yake ya koma suga ya bi jini. Ɗan bambancin da ke akwai shi ne hatsin da ba a cire masa dusa ba yana shiga jini a hankali, amma malmala biyu ta alkama wallahi ta fi malmala ɗaya ta masara ɗaga suga. Kullum sai na yi wannan bayanin a asibiti, akwai wata dattijuwa da ta ce min "Anti ni fa rabona da shinkafa shekara guda", na ce Hajiya nuna min girman tuwonki, ta ware hannu biyu kamar zata ɗauki ƙwarya, na kama hannunta ɗaya na dunƙule shi na ce ga iya naki nan. Ta ce to ai ba zata ƙoshi ba, kuma gaskiyarta ne, shi yasa sauran kwanon ake cika shi da miya mai yawa, kuka, kuɓewa, zogale, alayyahu, a haɗa da wake ko kifi ko ƙwai, rabin kwano ganye, kwata tuwo, kwata abin gina jiki.

Zuma kuwa suga ce, albarkarta daban amma jini bai san wannan ba, ɗagawa zata yi. Haka zoɓo da kunun da aka zuba wa suga, balle lemon kwalba wanda ƙaramar kwalba ɗaya ta kai cokalin shayi 9 na suga.

Abinda ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne ajiye maganin. Kinsan me yasa take ramewa? Idan awon suga ya haura wajen 180 (a ma'aunin mg/dL) a jini ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya riƙa zuba cikin fitsari yana jan ruwa, shi ne fitsarin daren da ƙishirwa, jiki kuma tunda bai samu amfanin abincin ba sai ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Metformin aikinsa rage sugan da hanta ke saki cikin jini, shuwaka ba ta maye gurbinsa duk ɗacinta, a miya ta ci abinta. Ki kai ta asibiti cikin satin nan, kar ki jira, a auna ta da safe kafin ta ci komai. Ga yawancin masu suga ana so a ga 80 zuwa 130 kafin karyawa, ƙasa da 180 awa biyu bayan cin abinci, in da hali a yi mata gwajin HbA1c mai nuna yadda sugan ya kasance cikin wata uku. In ma tashin zuciya ko gudawa ne suka sa ta tsani ƙwayar, ki faɗa wa likita, sau da yawa shanta a tsakiyar cin abinci yana rage hakan. Amma in kika ga amai ko yawan barci ko maganarta ta fara ruɗewa, ko tsakar dare ne ku tafi. Kuma ki lallaɓa ta, banda faɗa, uwa ce.

TAMBAYA: Anti ni direba ne ina lodin Azare zuwa Kano, shekara 6 ina da suga ina shan glibenclamide. Duk hunturu faso yake tsaga min dunduniya amma bana ko zafi ba na ji, har murna nake. Ina gasawa da ruwan zafi ina kankarewa da reza, hakan ya yi?

AMSA: Malam dan girman Allah ka ajiye rezar nan yau. Rashin jin zafin nan ba sauƙi bane, alama ce suga ya fara taɓa jijiyoyin ƙafa, kuma ƙafar da ba ta ji ƙusa zata shige ta ka yi kwana uku kana taka totur baka sani ba, ruwan zafi ya sale ka baka sani ba. Yawancin ƙafafun da na ga an yanke daga ɗan abu kamar haka suka faro. Ruwa mai ɗumi kawai, ka fara gwada shi da gwiwar hannu, ka tsane ƙafar sosai har tsakanin yatsu musamman bayan alwala, ka shafa man kaɗe ko basilin a dunduniya amma banda tsakanin yatsun. Kullum kafin ka kwanta ka haska tocilan ka duba tafin, in wuyanka bai kai ba uwargida ta duba maka. Kar ka taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida, ka zazzage takalmi kafin ka sa, mai yankan farce na tasha kuma ku yi sallama. Fason nan ka kai a gani, duk ciwon da ya yi ja ko ya kumbura ko ya fara wari ba na jira bane.

Sannan tunda sitiyari kake riƙewa, glibenclamide yana iya faɗar da suga idan ka sha baka ci abinci ba. Ka ji rawar jiki, zufa, jiri ko gani ya dushe, ka faka nan take ka sha cokalin shayi 3 na suga a ruwa ko rabin kwalbar lemo, ka jira minti 15, ka ci abinci, sai ka warware sarai ka tayar da mota. Ka riƙa ajiye suga mai ƙwaya a aljihun mota.

TAMBAYA: Yarona ɗan shekara 12 allurar insulin ake masa, unguwarmu kuma sai mu yi sati ba wuta, ya zan yi da ajiyarta?

AMSA: Sannu da ƙoƙari Maman yaro. Kwalbar insulin ɗin da aka riga aka buɗe tana kai wa sati 4 ba firij matuƙar rana ba ta taɓa ta ba, binciken Jami'ar Geneva da ƙungiyar likitoci ta MSF da aka fitar a 2021 bisa yanayin zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya ya tabbatar da haka. Ki ƙulle kwalbar a leda ki sa a ƙaramar tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, ki ajiye gindin randa a inuwa, ki rubuta ranar da kika buɗe. Kar ki ɗora ta kan ƙanƙara, in ta daskare ta lalace. Kuma ko yaron ba shi da lafiya ya ƙi cin abinci kar ki tsayar da allurar da kanki, ki auna sugansa ki kira likitansa.