Abokin cinikina ya rufe masana'anta don share kabarin kakansa: bauta ce ko biyayya ga iyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekara shida ke nan ina saro yadi daga Guangzhou ta ƙasar Sin. Bana a farkon Afrilu ina jiran kaya, sai mai masana'antar ya ce in yi haƙuri, zai tafi ƙauyensu share kabarin kakansa. Da ya dawo ya nuna min hoton wani littafi mai sunayen kakanninsa, ya ce shi ne na 22 a jere. Ya kuma sha gaya min yana cikin damuwa don 'ya mace ɗaya gare shi. Wannan bautar kakanni ce ko biyayya ga iyaye? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ranar da abokinka ya tafi dominta sunanta Qingming. Takan faɗo 4 ko 5 ga Afrilu, kuma tun 2008 gwamnatin Sin ta mai da ita ranar hutu, don haka baɗi ka sa ta a lissafin odarka. Dangi kan taru a makabarta su nome ciyawar da ta rufe kabari, su share, su ƙara ƙasa, su ajiye abinci da shayi ko giya, su kunna turare, su ƙona takardun da aka buga kamar kuɗi, sannan su rusuna ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami.

Tushen duk wannan kalma ɗaya ce, xiao, ana furta ta kusan "shiyau". A rubutunsu alama biyu aka ɗora wa juna, ta tsoho a sama, ta ɗa a ƙasa, kamar yaro ya goya mahaifinsa. Mukan fassara ta da biyayya ga iyaye, amma ta fi haka faɗi. A wurin Basine bashi ne da aka haife ka da shi, kuma rasuwar iyaye ba ta sauke maka shi. Konfushiyas, babban malamin falsafarsu, wanda ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa, da aka tambaye shi ma'anarta ya kasa ta uku: ka yi musu hidima bisa ƙa'ida suna raye, ka binne su bisa ƙa'ida in sun mutu, ka riƙa kai musu hadaya bisa ƙa'ida bayan nan. Abokinka yana kan ta ukun ne.

Akwai maganarsa da nake so ƙwarai. Ya ce mutanen zamaninsa sun ɗauka ciyar da iyaye shi ne xiao, to ai kare da doki ma ana ciyar da su, in babu girmamawa ina bambancin? Wani almajirinsa, Zai Wo, ya ce makokin shekara uku ya yi yawa, shekara ɗaya ta isa. Bayan ya fita malamin ya ce jariri sai ya shekara uku kafin ya bar hannun iyayensa, shi bai sami waɗannan shekaru uku ba ne? Ka ga lissafin: goyo da goyo ake biya. Bai kuma ce a bi iyaye ido rufe ba. In sun kauce a yi musu nasiha a tausashe, in sun ƙi ji a ci gaba da girmama su ba tare da ƙunƙuni ba.

Sarakuna suka ɗauki wannan suka mai da shi doka, don ɗan da ya saba rusuna wa uba ba zai yi wa sarki tawaye ba. Daga shekara ta 134 kafin haihuwar Annabi Isa, daular Han ta riƙa ɗaukar ma'aikata daga cikin waɗanda aka shaida da biyayya ga iyaye da riƙon amana. Dokokin daular Tang sun sa saɓa wa iyaye cikin manyan laifuka goma. Ma'aikacin da mahaifinsa ya rasu dole ya ajiye muƙami ya koma gida makoki na wata 27. A 1577 mahaifin Zhang Juzheng, babban wazirin daular Ming, ya rasu, shi kuwa ya ci gaba da aiki da izinin sarki. Fada ta rikice da gardama. An yi wa waɗanda suka soke shi bulala a bainar jama'a, duk da haka tabon bai bar sunansa ba.

Littafin da ya nuna maka jiapu ake ce masa, kundin salsala. A ciki akwai sunan kakan da ya fara sauka a garin, da wanda ya haifi wa, da inda aka binne kowa, da dokokin dangi. Zuri'o'i da yawa suna da waƙa da wani kaka ya tsara, kowane tsara na ɗaukar kalma ɗaya daga cikinta a sunansa. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, da jin suna za su gane wane ne baba, wane ne ɗa, ko da "baban" ya fi ƙuruciya. In ka koma Guangzhou, ka ware awa biyu ka je zauren zuri'ar Chen, jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 1 yana tsayawa a wurin. Masu sunan Chen daga gundumomi 72 na lardin Guangdong ne suka yi karo-karo suka kammala shi a 1894, don ajiye allunan sunayen kakanni da kuma sauke 'ya'yansu masu zuwa jarrabawar aikin gwamnati. A da zuri'a a can ƙungiya ce mai gona da makaranta da asusu. An ƙona kundaye da yawa a juyin al'adu na 1966 zuwa 1976, waɗanda suka ɓoye nasu su ne suka fito da su daga baya aka sake rubutawa.

Damuwarsa kan 'ya mace daga nan ta fito. Salsala ta namiji ake bi, kuma ɗa namiji ne ke kai hadaya. Mengzi, wani babban malami mai bin koyarwar Konfushiyas, ya ce rashin biyayya iri uku ne, mafi girma rashin barin baya. Wanda bai haifi namiji ba yakan karɓi ɗan ɗan'uwansa a rubuta shi a ƙarƙashin sunansa. Mace kuwa, karin maganarsu na cewa 'yar da aka aurar ruwa ne da aka zubar. A nan nake ganin al'adar ta yi zalunci, ba na kuma ɓoyewa. Da dokar taƙaita haihuwa ga ɗa ɗaya ta zo wajen 1980 ta haɗu da wannan tunani, aka riƙa zubar da cikin mata, har ƙidayar 2010 ta nuna ana haifar maza kusan 118 a kan kowane mata 100. An soke dokar a ƙarshen 2015. Abubuwa na sauyawa: da aka sabunta kundin zuri'ar Konfushiyas a 2009, mai sunaye kusan miliyan 2, an sa mata a karon farko.

To, bauta ce? Su kansu ba su taɓa zama baki ɗaya ba. Xunzi, ɗaya daga manyan malamansu na da, ya ce mai ilimi yana kallon hadayar a matsayin ɗabi'ar mutuntaka da kewar wanda ya tafi, talaka kuwa yana ɗauka hidima ce ga ruhohi. Har yau haka ne. Wani ya gaskata cewa kuɗin da ya ƙona sun isa ga kakansa, yana ma roƙonsa kariya. Wani bai yarda da lahira ba sam, yana zuwa ne don kada a ce gidansu ya manta da asalinsa. Cocin Katolika ya shafe sama da ƙarni yana wannan gardama, Paparoma ya haramta wa mabiyansa a 1715, aka sake tabbatarwa a 1742, sannan aka janye haramcin a 1939 bisa cewa girmamawa ce ta al'ada.

A ma'aunin Musulunci, rusuna wa allon mamaci da roƙonsa biyan buƙata ya shiga haƙƙin Allah, babu ja. Share kabari da kiyaye salsala da kula da tsoho kuwa ba baƙonmu ba ne, kuma Musulmin Sin, 'yan Hui, a nan suka tsaya: suna ziyarar kabari da karatun Alƙur'ani, ba sa ƙona takarda. A garin Chendai kusa da birnin Quanzhou a kudu maso gabashin Sin akwai zuri'ar Ding, jikokin Musulmi da yawancinsu suka bar salla tun ƙarnoni, amma har yanzu ba sa sa naman alade a abincin da suke ajiye wa kakanninsu, don kundinsu ya gaya musu su wane ne.

Da ya nuna maka littafin nan, Alhaji, ba kiran ka yake zuwa addininsa ba, asalinsa ya buɗe maka, kuma ba kowane abokin ciniki ake yi wa haka ba. In kun yi waya ka fara da tambayar lafiyar iyayensa kafin maganar kwantena, ka kuma tambaye shi ko ya sa sunan 'yarsa a kundin.