Tambaya da Amsa: Chicago Bulls, a rushe ko a nemo tauraro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni masoyin Chicago Bulls ne, ƙungiyar ƙwallon kwando ta gasar NBA a Amurka, tun zamanin Michael Jordan, lokacin da sai a kaset muke ganin wasanninsu. Shekara uku a jere, 2023, 2024 da 2025, Miami ce ke kora mu gida tun a wasan share fagen shiga wasannin neman kofi. Musu ya ƙi ƙarewa a majalisarmu. Ni na ce a tattara matasa da damar zaɓen sababbin 'yan wasa a bayar, a karɓo babban tauraro, kamar yadda namu Masai Ujiri ya yi lokacin da yake shugabantar ƙungiyar Toronto. Abokina ya ce a sallami kowa a faro daga tushe. Wa ya fi gaskiya? (Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, abokinka ya fi ka gaskiya, kodayake shi ma ban ba shi duka ba.

Na san dole bazazzagi ya kawo zancen Masai, tunda a Zariya ya tashi. Amma duba inda Toronto take kafin ya yi wannan kasada. A kakar 2017-18 ta ci wasa 59 cikin 82, ita ce ta ɗaya a shiyyar Gabas. Ga Kyle Lowry, ga Pascal Siakam ɗan Kamaru yana tasowa. Abin da ya rage mata mutum guda ne wanda ba ya rawar jiki idan wasa ya yi zafi, don LeBron James ya saba yi musu fata-fata. Sai Masai ya ba da DeMar DeRozan ya karɓo Kawhi Leonard a Yulin 2018, suka doke Golden State suka ɗauki kofin 2019. Kawhi bai ƙara ko kaka ɗaya ba ya tafi abinsa, amma kofi ya riga ya shiga gida.

Bulls fa? A shekaru ukun da ka ambata, nasara 40, sai 39, sai 39 kuma. Tauraro ɗaya ba ya cike wannan giɓi. Kuma shawarar taka ai sun gwada ta. A Maris 2021 suka ba Orlando Wendell Carter da damar zaɓe biyu na zagayen farko don su sami Nikola Vucevic. Da ɗaya daga ciki Orlando ta ɗauki Franz Wagner. Abin da Bulls ta tsira da shi kaka ɗaya ce mai daɗi: nasara 46 a 2021-22, gwiwar Lonzo Ball ta lalace a tsakiyarta, Milwaukee ta fitar da su a zagayen farko na wasannin neman kofi da ci huɗu da ɗaya.

Ga masu bin Firimiya kawai, a NBA ba a faɗawa ƙaramin rukuni. Waɗanda suka fi shan kashi su suka fi damar samun matashi mafi gwaninta ta hanyar ƙuri'a. Ƙungiyoyi uku na can ƙasa kowace tana da kashi 14 cikin 100 na zaɓen farko. Shi ya sa tsakiya ce tsaka mai wuya: ba kofi, ba zaɓe mai tsoka. A 2025 ma har da ƙarin takaici. Bulls da Dallas sun gama kunnen doki, aka raba gardama Dallas ta hau gaba, kuma gurbin nan nata ne ya ciwo zaɓen farko, ta ɗauki Cooper Flagg.

Babban laifin shugabannin Bulls a wurina shi ne jinkirin sayarwa, kamar mai ragon layya da ya ƙi sallamawa har Sallah ta wuce. Alex Caruso ya tafi Oklahoma City a 2024, aka karɓo Josh Giddey ba tare da damar zaɓe ko ɗaya ba. Zach LaVine sai Fabrairun 2025 aka rabu da shi. Ita Oklahoma kuwa, da ta saki Paul George a 2019 yana kan ganiyarsa, ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander da damar zaɓe biyar. Ta ɗauki kofin 2025, Caruso na cikin masu murna.

Inda na saɓa da abokinka shi ne "a sallami kowa". Philadelphia ta yi haka, har ta gama kakar 2015-16 da nasara 10 kacal. Ta sami Joel Embiid a wannan zamani, amma shekara goma suka wuce ba ta tsallake zagaye na biyu ba. Matashin da ya saba da shan kashi kullum, wuyar gyara gare shi.

Da ni ake tambaya, a riƙe duk damar zaɓe, a musanya manyan da shekaru suka fara cim musu tun suna da daraja, a bar Giddey da Matas Buzelis su yi ta wasa suna kuskure suna koyo, ko da za a sha wuya kaka biyu. Ko za su yarda? Ina shakka. United Center, filin wasan Bulls, na cika ko ana ci ko ba a ci, kuma Jerry Reinsdorf, mai ƙungiyar tun 1985, ban ga abin da ke matsa masa ya bar kujerar tsakiya ba.