Damin ciyawa na inji: a gina ɗaki da shi ko a sayar wa masu kiwo?

Wani ɗan kasuwa daga Tawa ya aiko da tambaya. Ya sayi ƙaramin injin matse ciyawa, kuma ya ji ana gina ɗaki da irin wannan dami. Tun da karan alkama da ake aikin da shi a ƙasashen Turawa ba shi da yawa a Adar, wato yankin Tawa, yana so ya sani ko ciyawar daji za ta yi, har ya zuba jari.

Alhaji, ginin gaskiya ne. A jihar Nebraska ta Amurka aka fara shi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma da ciyawar daji ma suka fara. Amma kafin ka saki kuɗi, yi wannan lissafin. Dami mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 35, in ya matsu yadda ya kamata zai kai kilo 15. Uku ne ke rufe mita ɗaya murabba'i ta bango. Ɗaki mai mita 4 da 4, tsayi mita 3, zai ci dami kusan 150, wato sama da tan biyu. To, je ka tambayi abin da tan biyu na ciyawa ke kawowa a watan Mayu, lokacin da masu kiwo ke nemanta ruwa a jallo. Da wannan kuɗin mai ginin zai kwatanta tubalin laka, wanda ƙasa da ruwa da ƙwadago kawai yake ci. A ganina nan cinikin ke mutuwa.

Sai kuma ita ciyawar kanta. Abin da ya sa dabba ke sonta shi ke lalata bango: ganye da ƴaƴa da daɗin ci. Ƴaƴan na kiran ɓera, ganyen na riƙe laima ya ruɓe, kuma ciyawar da aka matse da sauran ɗanyenta takan yi zafi daga ciki, wani lokaci har ta kama wuta. Harawar wake da ta gyaɗa da burgu kam, kada ka ma kawo su kusa da gini. Kara kuwa sanda ce busasshiya mai rami, babu abin ci sosai a jikinta. Karan shinkafa na fadamun bakin kogi, wajen Yamai da Tillaberi, ya fi dacewa don yana jinkirin ruɓewa, sai dai kuɗin mota zuwa Tawa zai cinye ribar, ga shi can ma makiyaya na saye.

In ka nace sai ka gwada, nemi ciyawa mai kara kamar gamba, wadda aka yanka bayan ta zubar da ƴaƴa ta bushe ƙayau. Laimar cikin dami kada ta kai kashi 20 cikin 100. Tura ƙarfe cikinsa ka bar shi ɗan lokaci, in ya fito da ɗumi ko warin ruɓa, ka ware shi. A ɗaga tushe da dutse kamar santimita 40, a shimfiɗa faranti na ƙarfe a kansa saboda gara, a sa ginshiƙai su ɗauki rufi, kwano ya zarce bango da rabin mita, musamman ta gabas inda hadari ke bugowa. Yaɓen laka santimita 3 zuwa 5 ciki da waje, ba siminti ba: siminti na tsagewa, ruwa ya shiga ya kasa fita. Fara da shago ko ɗakin ajiya naka, ya ga damina biyu kafin ka tallata wa kowa.

Injinka dai ya riga ya sami kasuwa. Matse ciyawa da kaka tana araha, ka ɗora a kan katako nesa da ƙasa, ka rufe, ka fito da ita kasuwa da bazara. Wadda ta tsufa dabba ta ƙi, a daddatsa ta kamar tsawon yatsa a sayar wa magina su yi ramno.