Alhaji, wa ya yi wa motocin nan biyu kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina shigo da atamfa da shadda. A farkon 2023 ɗan yayata da ke harkar motoci ya kawo mini Tesla Model S daga Amurka, ta tsaya mini naira miliyan 70 har da kuɗin kwastan. Yanzu ya ce ya samo Porsche Taycan ƙirar 2021, ita ma mai lantarki, a kan miliyan 130. Zai karɓi tawa a miliyan 75, in yi cikon 55. A lissafina na hau mota fiye da shekara biyu, kuma na ci ribar miliyan 5. Ya ce ranar da ba na hawa za a riƙa ba masu biki haya, ta mayar da kuɗinta. Daga shago zan ciri cikon. Wacce ta fi a cikin motocin biyu, kuma in yi ko in fasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sau uku na karanta wasiƙarka ina neman bakin mutum na biyu a cikinta, ban samu ba. Wanda ya ce Porsche miliyan 130 ce, ɗan yayarka ne. Wanda ya ce taka miliyan 75 ce, shi ne. Shi zai saya, shi zai sayar, shi ya kawo maganar haya, kuma na tabbata shi ya faɗa maka miliyan 70 ɗin farko ba tare da ka ga takarda ko ɗaya ba. Kai da kanka, da yaron shagonka zai zo ya ce shi ya sayo kwantena, shi ya yi mata kuɗi, shi ya fitar da ita, kuma babu rasit, ai ko sallar la'asar ba zai yi a shagon ba. To me ya sa da aka zo kan mota ka ajiye wannan hankalin a ƙofar gareji? Don yana ce maka Kawu?

Ban ce yaron macuci ba ne, ban san shi ba. Dillali ne, kuma dillali da la'ada yake ci. Matsalar ita ce a cinikin musaya dillali bai damu da lambobi biyun da yake faɗa maka ba, tazarar da ke tsakaninsu kaɗai yake kallo. Idan ya ga kana son jin cewa motarka ba ta faɗi ba, sai ya ɗaga kuɗinta da miliyan 15, ya ɗora miliyan 15 ɗin a kan sabuwar. Kai ka tafi gida kana murna ka ci riba, shi kuma cikonsa na nan yadda ya tsara. Tsohuwar dabara ce, tun zamanin musayar Vespa ake yin ta.

Mu zo kan ribar miliyan 5 ɗin, don ita ta fi ba ni haushi daga bakin mutumin da da dala yake sayo kaya. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar 'yan canji ta Wapa. Miliyan 70 ɗinka kusan dala 93,000 ke nan. Bayan an saki naira a tsakiyar shekarar, dala ta je tana kai-kawo a wajen 1,500. Miliyan 75 a wannan farashin dala 50,000 ce. Wato motar ta cinye maka dala 43,000, abin da ya kai kusan naira miliyan 65 a wannan farashin. Je ka tambayi littafinka dila nawa ta atamfa miliyan 70 ke sayowa a lokacin, nawa miliyan 75 za ta sayo yau. Ka san amsar fiye da ni. Da a ce dila ce wani ya zo maka da irin wannan lissafin, dariya za ka yi masa.

Kuma ba motarka kaɗai abin ya shafa ba. Model S sabuwa fil tana wajen dala 105,000 a Amurka a farkon Janairun 2023. Kamfanin ya yi ta zaftare farashi, kafin ƙarshen shekarar ta dawo wajen dala 75,000. Idan sabuwa ta sauko da dala 30,000 cikin wata tara, me kake tsammani ga wadda aka hau? A Janairun 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar zai sayar da motocinsa masu lantarki kusan 20,000, kasuwar na hannu ta ƙara cika. Ita ma Taycan a 2024 aka fito da sabon samfurinta mai batir mafi girma da tafiya mafi nisa, wanda ya mayar da irin ta 2021 tsohon yayi. Motar lantarki ta alfarma a halin da ake ciki ta fi kama da wayar hannu mai tsada, ana fito da sabuwa tsohuwa ta zube. Kai ka riga ka sha faɗuwar farko da Tesla. Yanzu kana so ka biya kuɗi ka shiga layi ka sha ta biyu.

Ka lura ma ba ka faɗa mini wace Taycan ba ce, kuma ina zargin kai ma ba a faɗa maka ba. Akwai ta ƙasa, akwai 4S, akwai Turbo, akwai Turbo S, kuma a sabuntarsu ta saman ta ninka ta ƙasan kuɗi har da ɗori. Miliyan 130 wajen dala 87,000 ce. A kan wata araha ce, a kan wata kuma yanka ne ba wuƙa. Mutum ya ce maka "shadda ce" ka biya ba ka tambayi wace iri ba?

Bari in ba ka labarin wani da na zauna da shi a kan irin wannan. Babban mai harkar riɗi ne, surukinsa ya kawo masa wata dalleliyar mota mai lantarki, ba zan faɗi ƙirarta ba. Wata biyar tana tafiya lafiya lau. Ranar wata Juma'a ya fito zai tafi masallaci, allon gaba ya kawo jan rubutu, mota ta ƙi motsi. Bakanike uku suka zo, kowa ya buɗe gaba ya ga babu inji ya rufe. Aka ɗauko wani daga Legas da kwamfutarsa, kuɗin jirgi da masauki duk a wuyan Alhaji. Da ya shiga ƙarƙashi ya kwance murfi, sai ga busasshen laka da farin gishiri a jikin wayoyin batir. Aka bincika lambar jikin motar, ashe ambaliya ta taɓa shanye ta a Amurka, inshora ta biya mai ita, aka sayar da ita a gwanjo. Da na je gidan, tana rufe da tamfol a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, kyanwa ta haihu a ƙarƙashinta. Na ce masa ina takardar ciniki? Ya ce ai tsakaninmu babu wannan. Da ya ɗaga murya, dattawan gida suka taru suka ce a yi haƙuri, kada a kashe aure saboda ƙarfe. Haƙurin ya ci masa abin da ya fi ribar kakar riɗi guda. Har yau in sun haɗu a ɗaurin aure gaisuwar nesa suke yi, wato zumuncin da ya ƙi neman takarda dominsa, shi ma bai tsira ba.

Irin waɗannan motocin suna nan da yawa. Guguwar Ian da ta afka wa Florida a Satumban 2022 ta jiƙa ɗimbin motoci da ruwan teku, wasu masu lantarkin ma daga baya suka kama da wuta. Ana wanke su, a goge, a loda a jirgi. Motar fetur in ta sha ruwa bakanike zai gane da wuri. Ta lantarki sai gishiri ya gama cin abin da zai ci. Garantin batir na shekara 8 da ake yi maka kwatance da shi kuwa, a can inda aka sayar da ita yake aiki, kuma motar da inshora ta riga ta yafe yawanci ta fita daga ciki.

Ka tambayi wacce ta fi. A taƙaice: Porsche ta fi daɗin tuƙi da kyan ciki, ba na musu. Amma a ma'aunin Amurka Model S na yin kusan kilomita 600 ko fiye da caji ɗaya, Taycan ta 2021 kuwa ba ta kai 400 ba. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, ka ƙara zafin watan Afrilu da na'urar sanyaya mota a kunne. Kan cajar Tesla ta Amurka daban yake da na Porsche, don haka abin da ka kafa a bangon gidanka sai an canza shi ko an nemo mahaɗi. Taycan ƙasa-ƙasa take, batir a cikinta yake shimfiɗe, kai kuma ka ga abin da ruwa ya yi a Kwari a Agustan 2022. Sannan babu tsimin ko kwabo a wannan canjin. Wanda ya bar motar fetur bayan cire tallafi a Mayun 2023 yana da hujja, don cika batir irin naka a layin Band A, wato layin wutar da ya fi tsada, bai wuce naira dubu ashirin da 'yan kai ba. Kai daga lantarki za ka koma lantarki. Wutar ɗaya ce, janaretan ɗaya ne.

Maganar hayar biki, don Allah a bar ta. Mutumin da ke juya kwantena ba ya zama jiran kuɗin kai amarya. Biki nawa za a yi kafin a tara miliyan 55? Kuma ranar da abokan ango suka yi wasan mota da ita suka fasa fitila ɗaya, ka tambayi kuɗinta da na jirgin da zai kawo ta. An faɗa maka wannan ne don ka samu abin faɗa wa zuciyarka, da kuma Hajiya.

Abin da ya fi damuna shi ne jimlarka ta kusa da ƙarshe, wadda ka rubuta kamar ba komai: daga shago za ka cira. Miliyan 55 a cikin kaya, in ta juya sau uku a shekara da ribar kashi 10 kacal, miliyan 16 ce da ɗoriya duk shekara. Wannan ma kuɗin motar ne, sai dai ba ya fitowa a bakin dillali. Ina kuma da tabbacin miliyan 70 ta farko haka ta fita, ba a rubuta ta a ko'ina ba, shi ya sa har yau ba ka ji zafinta ba. Ba na hana mai kuɗi hawa abin da ransa ke so, halalinka ne. Amma daga ribar da aka lissafa aka ware ake sayen abin marmari, a ƙarshen shekara, bayan an fitar da zakka an biya masu bin bashi. Uwar kuɗi ba ta sayen Porsche, balle ana fuskantar cinikin azumi da sallah.

Ga abin da za ka yi, kuma kada ka sa kunya. Raba cinikin gida biyu. Kai Tesla wurin dillalai biyu ko uku da ba su san ɗan yayarka ba, a Kano da Abuja, ka ce kuɗi hannu nawa za su biya, ba musaya ba. Lambar da za ka ji ita ce ainihin kuɗin motarka, kuma ka shirya jin abin da ba zai yi maka daɗi ba. Sannan ka ce wa yaron ya turo maka lambar jikin Porsche ɗin, mai harafi da lamba 17, da takardar da ya saye ta, da takardun fito na kwastan. Da lambar, kowane yaro mai waya zai ciro maka tarihinta a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motoci, da 'yan daloli: haɗari, ambaliya, gwanjo, nisan da ta yi. Takardun kwastan ka sa a tantance su, don a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, kuma motar da ta biyo ta bayan gida a hannunka za a kama ta, ba a hannunsa ba. A nemo mai na'ura ya auna lafiyar batir a gabanka ya rubuta. Daga nan ka yanka wa yaron la'adarsa a fili, kaza cikin ɗari, a rubuce, da shaidu biyu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ba a kuma ce ban da 'yan'uwa ba.

Idan ya kawo takardun cikin kwana biyu yana dariya, ka samu dillalin kirki, ka riƙe shi. Idan ya ce "Haba Kawu, yanzu ni ne ba ka yarda da ni ba?", ko ka ji mahaifiyarsa ta kira ka da daddare, to ka ajiye maganar Porsche, ka ce masa ya fara kawo takardun Tesla ta 2023 tukuna.